Filin Tambayoyinku: Kebul na jone amma emuleta ta ce babu intanet

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato emuletar Android, manhajar nan da ke buɗe maka wayar Android sukutum a allon kwamfuta, da yadda za a sa ta hau intanet ta kebul. Da alama lokacin furojet ne ya kama, ɗalibai ido ya raina fata. Na ɗauko guda biyar, waɗanda ba su ga tasu ba su duba da kyau, ƙila amsarsu na cikin ta wani.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Ina ajin ƙarshe ne ina haɗa app ɗin furojet ɗina da Android Studio. A ɗakin kwamfuta na sashenmu akwai kebul ɗin intanet, in na jona a laftof ɗina Chrome na buɗe komai lafiya lau har bidiyo nake kallo, amma emuleta ta ƙi, tana nuna ta hau Wi-Fi amma wai babu intanet. Na bincike Settings ɗinta kaf ban ga inda ake zaɓar Ethernet ba. A ɗaki kuwa in na kunna hotspot ɗin wayata tana yi. Wlh abin ya ishe ni ga sufabaiza na jira na. Daga wani ɗalibi a Samaru, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. To ɗan'uwa, da farko ka daina wahalar da kanka da neman Ethernet a cikin Settings ɗin emuleta, ba za ka same shi ba kuma ba ka ma buƙatarsa. Emuleta ba ta san kebul ba, ba ta san hotspot ba, ita dai abin da kwamfutarka ta samu shi take sha. Ka ɗauke ta kamar ɗan haya a ɗakin can ƙuryar gida, duk saƙon da zai fita ko zai shigo sai ya bi ta zauren mai gida, mutanen unguwa ma ba su san da zamansa ba. Wannan tsarin shi ake kira NAT. Emuletar Android Studio tana ƙirƙirar wata 'yar rauta ta ƙarya a cikin kwamfutar, lambobinta duk da 10.0.2 suke farawa, rautar 10.0.2.1, ita wayar ƙaryar 10.0.2.15 ko 10.0.2.16, mai fassara sunayen shafuka kuma wato DNS yana 10.0.2.3. Wannan AndroidWifi ɗin da kake gani ta hau shi ma na ƙarya ne, ko da kebul kake shi za ta nuna maka, don haka ganinsa ba matsala ba ne.

Abin da na fi zargi a wajenka DNS ne, kuma dalilina shi ne abin da ka faɗa da bakinka, cewa a ɗaki da hotspot tana yi. Emuleta lokacin tashinta kaɗai take leƙa kwamfuta ta kwashi lambobin DNS, daga nan ba ta sake tambaya. To kai ka taso daga ɗaki ka rufe murfin laftof kawai emuleta na buɗe, ka zo makaranta ka soka kebul, ita har yanzu DNS ɗin hotspot take nema alhali hotspot ɗin na aljihunka a kashe. Wani lokacin kuma ko sabon tashi ta yi, in kwamfuta na da adafta da yawa, ga na Wi-Fi ga na kebul ga wanda VPN ya dasa ga na VirtualBox, manhajar nan da ke kunna wata kwamfuta a cikin kwamfuta, sai ta ɗauko DNS ɗin wanda ba ya aiki. Chrome ɗin laftof bai damu ba don Windows ya san hanyar da ke raye, ita ce dai aka bari a baya.

Ga yadda za ka yi. Rufe emuleta gaba ɗaya. Kashe Wi-Fi ɗin laftof, kashe VPN in kana da shi, jona kebul ka tabbata shafi na buɗewa. Sai ka je Device Manager na cikin Android Studio, ka danna ɗigo ukun da ke gefen sunan wayar, ka zaɓi Cold Boot Now. Kar ka danna maɓallin kunnawa na kullum, don shi yana dawo da wayar ne daidai yadda ka bar ta jiya da duk rikicinta. Mafi yawan mutane a nan matsalarsu ke ƙarewa.

In ta ƙi, sai ka tilasta mata DNS da hannunka. Buɗe Command Prompt a fodar emulator da ke cikin Sdk, a Windows yawanci tana AppData\Local\Android\Sdk\emulator a ƙarƙashin sunanka, ka rubuta

emulator -list-avds

zai jero maka sunayen wayoyin da ka ƙirƙira, sai ka rubuta

emulator -avd sunan_wayar -dns-server 8.8.8.8

8.8.8.8 ɗin nan na Google ne, akwai kuma 1.1.1.1 na Cloudflare. Amma fa ka lura, tunda kebul ɗin ma'aikata ne ba na gidanku ba, akwai wuraren da ke toshe duk wani DNS na waje sai nasu. In haka ne rubuta ipconfig /all, ka gangara wajen Ethernet adapter, ka kwafi lambar da ke gaban DNS Servers, ita za ka sa a madadin 8.8.8.8.

Saura abu ɗaya, furoksi, wato wata kwamfuta da ke tsayawa tsakaninka da intanet komai sai ya bi ta kanta. Wasu manyan makarantu da ofisoshi intanet ɗinsu ta furoksi yake bi, ƙila ma an taɓa saita maka shi a laftof ka manta. Duba Settings na Windows, Network & Internet, Proxy. In ka ga lamba da fot a wurin to emuleta ma sai an faɗa mata, ka ƙara -http-proxy da lambar da fot ɗin a ƙarshen wancan umarnin. Kuma dan Allah kar ka yi gwaji da ping, umarnin nan na taɓa wata na'ura a ga ko za ta amsa, a cikin emuleta ka ce ai bai amsa ba saboda haka babu intanet, ping ba kowane lokaci yake ratsa rautar ƙaryar nan ba, buɗe shafi a burauzarta shi ne gwaji. Wipe Data kuma a bar shi sai an rasa yadda za a yi, yana share duk abin da ka sa a wayar, kuma in matsalar DNS ce bai gyara komai ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni emuletata na hawa intanet ba matsala, kebul nake amfani da shi daga rautar gidanmu. Amma app ɗina ya ƙi magana da sabar da na kunna a laftof ɗin da XAMPP. A Chrome na laftof in na rubuta localhost yana buɗewa, a app kuwa kullum failed to connect. Wata ƙawata ta ce wai kebul ɗin ne in koma Wi-Fi. Haka ne? Daga wata ɗaliba a Tudun Wada.

AMSA: A'a 'yar'uwa, bar kebul ɗinki inda yake, ba ruwansa. Ko ki zare shi gaba ɗaya wannan haɗin zai iya yi, don daga laftof zuwa laftof ne, bai fita waje ba. Matsalar ita ce localhost, wato 127.0.0.1, kowace na'ura kanta take nufi da shi. In app ɗinki na cikin emuleta ya kira localhost, wayar ƙaryar yake kira, ita kuma babu XAMPP a cikinta. Lambar da aka ware don emuletar Android Studio ta iso laftof ɗin da ke ɗauke da ita ita ce 10.0.2.2. To duk inda kika rubuta http://localhost/ a kod ɗinki ki mayar da shi http://10.0.2.2/ in kuma sabar na kan wani fot ne ki haɗa da shi, misali masu Laravel da php artisan serve nasu 10.0.2.2:8000 ne. Masu Genymotion a kan VirtualBox su tasu lambar 10.0.3.2 ce, kar a haɗa.

Bayan kin gyara wannan akwai yiwuwar wani sabon jan rubutu ya fito yana maganar cleartext, kar ki tsorata. Tun daga Android 9 da ya fito a 2018 aka hana app yin magana ta http tsurarsa sai https, sai dai in mai app ɗin ya ce ya yarda. Ki buɗe AndroidManifest.xml, a cikin application ki ƙara android:usesCleartextTraffic="true", sannan ki tabbata akwai layin izinin android.permission.INTERNET a sama, don shi ma ana yawan mantawa da shi, mutum ya kwana yana zagin netwok alhali bai ba app izinin fita ba. Wannan na cleartext na gwaji ne kawai fa, ranar da app zai je hannun mutane da sunayensu da lambobin sirrinsu a cire shi a koma https.

Akwai wata hanyar da ni na fi so, musamman in ranar difens za ki nuna aikin a waya ta gaske. Da adb ake yin ta, wato kayan aikin da kwamfuta ke ba wayar Android umarni da shi: in sabarki na kan fot 8000 ki rubuta adb reverse tcp:8000 tcp:8000, shikenan duk abin da wayar ta nema a localhost:8000 za a miƙo shi laftof. Yana yi a emuleta, yana yi a wayar da kika jona da kebul ɗin USB matuƙar ta kai Android 5 kuma an kunna USB debugging, kinga ba sai kin dinga canja lamba a kod ba, ba kuma sai kin roƙi kowa Wi-Fi a zauren difens ba. Illarsa ɗaya, in kika zare wayar ko kika sake kunna emuleta sai kin sake rubuta shi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu da fotokwafi, akwai rauta da suwic, kwamfutoci da firinta da na'urar kyamarorin tsaro duk da kebul aka haɗa su. Yarona ya sa min emuleta a babbar kwamfuta don in riƙa kallon kyamara da app ɗin da ke wayata, saboda idona ba ya son ƙaramin allo. A waya app ɗin na gano na'urar da kansa, a emuleta kuwa ya yi ta juyawa ba ya ganin komai, alhali intanet na yi. Mene ne abin yi? Daga wani mai shago a PZ.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Taku ta bambanta da na sama, kuma ku ne kaɗai a cikin masu tambayar yau da ƙila ke buƙatar abin da ake kira birij. Yadda irin waɗannan app ke gano kyamara ko firinta shi ne su yi shela a cikin netwok ɗin gida, duk na'urar da ta ji ta amsa. Wayarku na kan rauta ɗaya da na'urar kyamarar shi ya sa take ji. Emuleta kuwa tana bayan NAT, shelarta ba ta wuce cikin kwamfutar, ita ma ba ta jin ta wasu.

Kafin a je da nisa a gwada mai sauƙi. Fita ta NAT ba ta da matsala, ganowa da kai ne kawai ba ya yi. Ku sa yaron ya duba lambar IP ta na'urar kyamarar a cikin menu ɗinta, za ta yi kama da 192.168.0.wani abu ko 192.168.1.wani abu, sai a app ɗin a zaɓi ƙara na'ura da hannu a rubuta lambar da sunan shiga da lambar sirri. Sau da yawa wannan ya wadatar. Sai dai a sa wa na'urar lamba tsayayya, don in an ɗauke wuta rauta ta mutu ta dawo tana iya raba sababbin lambobi, gobe ku ga hoto ya ɓace ku ce yaro ya ɓata.

In app ɗin ba ya karɓar lamba da hannu, to sai birij, wato a bar emuletar ta fito fili ta karɓi lambarta daga rautar shago kamar kowace kwamfuta. Ta Android Studio ba ta da maɓallin yin wannan cikin sauƙi, ban ba ku shawarar ku bi ta nan ba. Irin su LDPlayer da NoxPlayer suna da shi a saitinsu na netwok, za su nemi a sa wani ɗan direba, sai a zaɓi katin kebul a sake kunnawa. In kuma Android-x86, wato Android ɗin da aka gyara don injin kwamfuta, aka sa a cikin VirtualBox, a kashe shi tukuna, a shiga Settings, Network, a canja Attached to daga NAT zuwa Bridged Adapter, a wajen Name a zaɓi katin kebul, yawanci sunansa na ɗauke da Realtek ko Intel Ethernet, ba wanda ke da Wireless a sunansa ba, nan ne mutane ke yawan kuskurewa. A tabbata akwai alama a Cable Connected. A nan kam kebul ya fi Wi-Fi nesa ba kusa ba, don katin Wi-Fi ba ya son ɗaukar na'ura biyu da adireshi daban daban, sai VirtualBox ya yi 'yan dabaru, shi kuwa na kebul ba ruwansa. In Android ɗin ya tashi za ku ga wani Wi-Fi mai suna VirtWifi, shi ne kebul ɗin naku aka yi wa riga, a danna shi kawai. Don tabbatarwa a danna Alt da F1 a rubuta ip addr, in lambar ta fara da 192.168 irin ta sauran kwamfutocin shago to an dace, in har yanzu 10.0.2.15 ce ba a bar NAT ba. Alt da F7 ke dawo da allo.

Amma Alhaji gaskiya in don kallon kyamara ne kawai, ni ban ga dalilin wannan wahalar ba. Yawancin na'urorin nan in aka rubuta lambarsu a burauzar kwamfuta suna buɗe shafinsu, masu ƙera su kuma kan ba da manhajar Windows kyauta, kuma bayan na'urar akwai ramin HDMI ko VGA da za a jona allo kai tsaye. Ga shi Android-x86 ya tsaya ne a Android 9, wasu sababbin app ba za su hau ba, wasu kuma an gina su ne don injin waya ba na kwamfuta ba, su buɗe su rufe. Sannan in aka yi birij duk wanda ke kan netwok ɗin shagon, har kwastoman da kuka ba Wi-Fi, yana iya ganin emuletar, wasunsu kuma kan bar fot 5555 na adb a buɗe. Kar a sa app ɗin banki a cikinta ko da wasa. Ɗalibai ku ma ku ji, kar wanda ya je ya yi birij a kebul ɗin makaranta ba tare da ya tambayi masu kula da netwok ba, sabuwar na'ura ce za ta bayyana musu, wani wurin ma ba za a ba ta lamba ba sam.

TAMBAYA: Oga ni gem nake bugawa a LDPlayer, rauta mai sim nake da ita a falo ni kuma ina ɗaki. Gem ɗin na yawan sanƙarewa ana kashe ni a banza. In na ja kebul zai daina? Kuma wai birij na rage ping? Daga Kwangila.

AMSA: Zai iya raguwa, ba lallai ya daina ba. Kebul yana gyara tsakanin kwamfutarka da rauta ne kawai, daga rauta zuwa eriyar kamfanin layi kuwa yana nan yadda yake, in yamma ta yi kowa ya hau netwok kai ma za ka ji a jikinka. Gwada ka gani kafin ka kashe kuɗi, a Command Prompt rubuta ping da lambar rautarka sannan -t, ka bar shi yana gudu. In lambobin na tsalle daga 3 zuwa ɗaruruwa ko yana cewa timed out, to bangon da ke tsakaninku ne, ja kebul, za ka ga ya zauna a 1ms ko ƙasa da haka. In kuwa dama a zaune yake to laifin ba na Wi-Fi ba ne, matsar da rautar kusa da taga ya fi maka amfani. Birij ba abin da zai ƙara maka a gem, bar shi a yadda ya zo. Kuma ka duba ko VT, wato Virtualization, a kunne yake a BIOS, saitin kwamfuta na kafin Windows ya tashi, Task Manager na nunawa a wajen CPU, don in a kashe yake emuleta ja da ƙafa za ta yi ko intanet ɗin waye ka samu.

In za ka sayi kebul ka nemi Cat5e ko Cat6, kar ya wuce mita 100, kuma a matse kan a gabanka a gwada da testa fitilu takwas ɗin nan su kama duka. Gudun 100Mbps wayoyi huɗu kawai na cikin kebul ɗin yake amfani da su, na 1000Mbps kuwa sai duka takwas, shi ya sa kebul mai waya ɗaya a katse zai iya yin aiki amma a ƙaramin gudu kai ba ka sani ba. Akwai mai arha da cikinsa alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, saurin karyewa gare shi. In kuma ta waje za ka zagaya da shi ta saman kwano, da damina in hadari ya haɗo ka zare, tsawa na ƙona ramin kebul har da rautar.

TAMBAYA: Malam laftof ɗina siririya ce ba ta da ramin kebul ɗin ma kwata kwata. Akwai dabara? Daga wata malama a Kongo.

AMSA: Akwai Malama. Adaftar USB zuwa Ethernet za ki nema, masu kayan kwamfuta a PZ da Sabon Gari sun san ta, ki dai duba ramin laftof ɗinki ko USB na da ne ko Type-C kafin ki fita, in da hali ma ki tafi da laftof ɗin a gwada a wurin. Windows 10 da 11 kan gane yawancinsu da kansu. Ki jona adaftar da kebul, ki jira intanet ya kama a laftof, sannan ki kunna emuleta, ba ki kunna ta ba tukuna ki jona daga baya, saboda maganar DNS ɗin nan da na yi wa ɗalibin Samaru. In kika ga ipconfig ya ba ki lamba mai farawa da 169.254 to rauta ba ta ba ki lamba ba kenan, a duba kebul ko ramin da aka soka shi a bango, ba emuleta ba. In kuma VirtualBox kike amfani da shi da birij, ki tuna adaftar sunanta daban a jerin Name, kuma ranar da kika manta ta a gida zai ƙi tayar da Android ɗin ya ce bai ga katin netwok ba, sai ki mayar da shi NAT ki ci gaba da aikinki.